Rigar Mai Gada

Idan ka bi hanyar da ta gangara Kusugu, kafin ka kai rijiyar akwai wani ɗan shago mai ƙofar langa-langa wanda darbejiya ta yi wa rumfa. Nan Kalilu mai ɗinkin riga ya ƙare ƙuruciyarsa, nan kuma tsufa ya zo ya same shi. Ni Nagoggo taubashiyarsa ce, uwata da ubansa ciki ɗaya suka fito. Saboda haka duk abin da zan faɗa a kansa ina da izini, wasa ne tsakaninmu tun muna tsirara. Gidan da na yi aure kuwa katanga ɗaya ce ta raba shi da shagon, duk abin da ya shiga kunnen Kalilu sai ya bi ta nawa, ko ina so ko ba na so. Galibi kuma ba na so.

Kalilu ba mai magana ba ne. Sai ka yi masa tambaya uku kafin ya amsa ɗaya, ita ɗin ma da ka. Amma ka ba shi allura da zaren tsamiya ka ga ikon Allah. Aska biyu, aska takwas, tambarin baya, duk a hannunsa suke kwanciya lumui. Ya auri Adama, wata 'yar Sandamu mai yawan dariya, ita ce ke yi masa maganar da shi ba ya yi. Shekara ba ta zagayo ba ta tafi wajen haihuwa, ita da abin da ke cikinta. Allah ya jiƙanta.

Daga nan hannun Kalilu ya tsaya. Zai buɗe shago da safe, ya ɗora riga a cinya, ya zura zare, shi ke nan. A haka azahar za ta same shi, a haka la'asar. An yi rubutu ya sha, an yi addu'a, an yi lallashi, an yi faɗa. Ni har cewa na yi da shi, "Kai ko turmi ya fi ka motsi," ko zai ji haushi ya rama. Ko kallona bai yi ba. Ranar na ji tsoro ƙwarai.

Yana da wani aboki, Zailani, direban babbar mota da ke ƙetare iyakar Kongolam zuwa Damagaram da gaba. A wancan zamanin Turawa kan ratso hamada da tsofaffin motoci. Zailani ya ja wani da motarsa ta kafe a rairayi, Baturen ya yi masa godiya da kaset guda, ya ce kiɗan wasu samari ne na Amurka. Zailani ya sa shi sau ɗaya a hanya ya ce kamar ana rushe gini. Da ya dawo Daura sai ya ajiye wa Kalilu kaset ɗin da rikodarsa, wai ko hayaniya ta rage masa shirun.

Ina tsakar gida ina tankaɗen garin tuwo na ji rugugi ta bayan katanga, na ce innalillahi, motar Zailani ta afka shago. Ashe ganguna ne. Sai jita biyu suka shigo suna cacar baki, ɗaya tana kuka ɗaya tana gurnani. Can sai murya. Muryar saurayi ce, siririya, tana hawa tana hawa har ka ce yanzu za ta tsinke, ta ɗan tsage a can sama, sannan ta sauko lafiya lau. Ban ji kalma ɗaya ba, Kalilu ma haka, boko bai taɓa haɗa mu ba. Amma na tsinci kaina riƙe da rariya, gari ya ƙare tuni, ina ta kaɗa iska.

Bayan 'yan kwanaki na fita barka, na bi ta ƙofar shagon. Ga Kalilu zaune, kaset na juyi, allura tana hawa tana sauka tare da ganga. Na tsaya kamar an dasa ni. Na buɗe baki in tsokane shi, sai na ji hawaye, na ja mayafi na wuce da sauri kada ya gani ya samu abin yi mini gori.

A jikin kwalin kaset ɗin babu hoton mutum, wata gada ce kawai aka zana a kan kogi, da rubutun Turanci a sama. Kalilu ya sa wa mawaƙin suna Mai Gada. A wurinmu ai kiɗa na mai shi ne. Sunan uban kiɗa ake kira, 'yan amshi da makaɗa suna bayansa, idan ya faɗi sunan ya bi shi, kowa ya kama gabansa. Don haka rubutun nan na sama muka ɗauka sunan mutumin ne. Duk sanda Kalilu zai shiga Kano sayen zare sai ya tafi da kwalin a aljihu, ya nuna wa wani mai kaset a Sabon Gari, ya ce, "Mai wannan suna, ya yi sabo?"

Kaset na biyu a gaban jama'a aka ɗauke shi. Ka ji mutane kamar Lahadin kasuwar Mai'aduwa. An ƙara fiyano, gangar ta ƙara jiki, yaran sun san hannu, ba sa rige-rige kamar da. Muryar nan kuwa ta samu fili, idan ta yi sama sai dubban mutane su bi ta. Kalilu ya saurare shi gaba da baya har ya kusa cinye shi. Wata rana na zo karɓar ɗinkin maigidana sai ya ce, "Nagoggo, a cikin mutanen nan duka, akwai wanda ya tashi ya yafa masa riga?"

Na ce, "Ina can ne da zan sani?"

Ya ce, "Na kasa kunne. Ban ji inda ya tsaya ya ambaci wani ya yi masa godiya ba. Tafi kawai suke yi. Mutum ya yi maka waƙa, ya tashe ka daga inda ka faɗi, ka bar shi ya tafi da tafi? Wannan ai rashin kunya ne."

Tunda uwarsa ta haife shi ban taɓa jin ya jera magana mai tsawon haka ba. Kafin in farga ya jawo saƙi mai shuɗi daga ƙarƙashin benci, mai kyau, irin wanda ba kowa ke taɓawa ba. Ya ce riga zai ɗinka wa Mai Gada.

Na ce, "Sannu attajiri. To awo fa? Ko Amurkan za ka taka da ƙafa ka auno shi?"

Ya ce, "Na ji muryarsa. Siriri ne, ba shi da kafaɗa, tsawonsa kamar nawa."

Na yi dariya har da riƙe ciki. Na ba maigidana labari, na ba matan unguwa, kafin mako ya fita duk layin nan an san Kalilu yana yi wa rikoda ɗinki. Shi ko a jikinsa.

Ga yadda ya tsara aikin. Da safe ɗinkin mutane. Bayan la'asar, idan rana ta karya inuwar darbejiya ta shigo shago, sai ya wanke hannu, ya sa kaset, ya ɗauko rigar. Ba ya soka mata allura sai muryar na tashi. Kowane kaset kuma da wurinsa a jikin rigar. Na farko, mai ƙuruciya da zafin kai, shi ya ba askokin ƙirji, masu tsini, ɗinki a matse. Na biyu, mai jama'a, shi ya ba tambarin baya, da'ira cikin da'ira. Ba ya sauri. Idan ya yi layi bai yi daidai da kiɗan ba, gobe ya warware.

Sai kaset na uku ya zo, bayan an ɗan jima. Ni kaina ta bayan katanga na ji bambanci. Gangar ta koma can baya, kamar mai tafiya da sanɗa a gidan mara lafiya. Jitar da ke gurnani ta yi laushi. Muryar kuwa ta yi kauri, ta sauko ƙasa, ba ta ƙara neman can saman ba. Akwai wata waƙa a ciki da babu ganga ko kaɗan, mawaƙin yana tsakiyar baiti sai ya yi shiru, jita ta ƙarasa masa ita kaɗai.

Kalilu ya saurara, ya gyaɗa kai, ya ce, "Ya yi ƙiba. Ya yi aure, ya zauna, duniya ta ɗan taɓa shi. Kin ji har numfashi yana gaza masa."

Na ce, "To ka haɗa masa da ruwan tsamiya ya rage tumbi."

Bai kula ni ba. Ya farke gefen rigar, ya ƙara mata falle ta dama da ta hagu, don kada ta matse mutumin.

Haka shekaru suka yi ta tafiya. Ya auri Kulu, mai haƙuri, suka tara 'ya'ya. Injin aikin riga ya shigo gari ya kwashe rabin masu kawo ɗinki, Kalilu ya ce shi da allurarsa mutu ka raba. Su ma can Amurka inji ya shige su. Wani kaset ya zo gangarsa ƙwas-ƙwas kamar ana buga gwangwani, babu numfashi a cikinta, ga wasu ƙararraki kamar kukan sauro. Kalilu ya fusata. Ya ce, "Sun kori makaɗin sun ɗauko ƙarfe." Ya rataye rigar a ƙusa, damina biyu bai taɓa ta ba. Na ce, "Tabɗi! Yau ga gaba da mutumin da bai san kana duniya ba." Sai da zamanin faifan sidi ya zo aka kawo masa wani wanda suka koma jitar katako, makaɗin ya dawo yana shafa gangar a hankali, muryoyin dattawa suna haɗuwa a amshi. Kalilu ya ji, ya yi murmushi, ya ce, "Ya dawo hankalinsa." Ya sauko da rigar, ya ƙara mata wani faɗin, ya yi mata shafi mai taushi daga ciki, wai an ce ƙasarsu da sanyi, tsoho kuma ba ya jure sanyi.

'Ya'yansa da suka girma suka mallaki waya sun sha cewa, "Baba, kawo mu nemo maka hotonsa." Ya ce a'a, ranar da zai fara ganinsa yana so ya gan shi cikin rigar.

Da maigidana ya rasu na fito da farantin gyaɗa da ƙuli na zauna a bakin zaure, kusa da ƙofar shagon. Nan na lura Kalilu yana kai allura har kan hanci kafin ya zura zare, ya yi ya yi ya kasa. Yanar ido ce ta fara rufe masa gani. Na ce, "Kawo nan, makaho." Tun daga ranar ni ke zura masa, in jera masa allurai a jikin hularsa ya riƙa zarowa. Wuyan rigar kaɗai ya rage, shi ne kuma mai wahalar. Abu biyu suka hana shi sakewa: kada idon ya tafi kafin wuyan ya ƙare, kada kuma rigar ta ƙare babu mai kai ta.

Amma fa yammacin nan suna da daɗi, gaskiya. Iska ta riƙa kaɗo furen darbejiya cikin shago, masu zuwa Kusugu suna wucewa, kiɗan yana tashi ƙasa-ƙasa. Tunda idon ya yi rauni sai bakinsa ya buɗe. Ya riƙa ba ni labarin garin Mai Gada kamar wanda ya kwana can. Wai kogin ba ya ƙafewa ko da bazara. Wai gidansa na ƙarshen gadar, da akurkin kaji a baya. Ranar da rigar ta isa zai sa ta da hantsi, ya hau gadar a ƙafa, iska ta shiga ta cika ta, shuɗin ya haɗu da na ruwan, mutane su tsaya suna tambaya, wannan daga ina? Shi kuma ya ce daga Daura. Ina jinsa ina ɓare gyaɗa, in ce, "Ƙarya dai ba ta biyan haraji." Amma sau da yawa nakan rufe ido, in ga mutumin a tsakiyar gadar, har in ji ƙamshin baban rini a jikin saƙin.

Bana da Babbar Sallah Munzali ya zo gida. Ɗan unguwarmu ne, ya daɗe a Amurka yana tuƙa manyan motoci, har furfura ta fito masa a gemu. Ya shigo shago neman riga mai aikin hannu, sai ya ji kiɗan, ya tsaya ya ce, "Baba Kalilu, ina ka samo waɗannan? Ai a hanya nakan ji su a rediyon mota." Kalilu ya kama hannunsa kamar ya ga ɗan'uwan da ya ɓace. Ya ba shi labarin rigar tun daga farko. Munzali bai yi dariya ba, Allah ya yi masa albarka. Ya ce in dai suna inda mota ke zuwa, shi zai kai ta.

Da lalube Kalilu ya ƙarasa wuyan nan, yatsa yana gaba allura tana bi. Aka kai ta wurin masu bugu, ta dawo tana sheƙi. Ni da na shekara da shekaru ina yi mata dariya, da aka buɗe ta a gabana sai da na ce masha Allah. Ban taɓa ganin riga irinta ba.

Ranar da Munzali zai karɓa ya zo bayan la'asar. Ya zauna a benci, ya ɗauki tsohon kwalin nan mai gada, ya kwafi rubutun a wayarsa don ya ga inda za a same su. Yana karantawa yana murmushi. Can sai murmushin ya ɗauke. Ya dube ni, na dube shi.

Ya ce, "Baba, wannan ba sunan mutum ba ne. Sunan ƙungiyar ne gaba ɗaya. Su can ko wani ya fita, ko ya mutu, sunan yana nan."

Kalilu ya ce, "To. Shi mai waƙar fa?"

"Wanne? Biyu ne."

Munzali ya ci gaba a hankali, yana karantawa yana juya mana da Hausa. Saurayin da ya yi waƙa a kaset na farko da na biyu, motarsu ta yi hatsari a hanyar zuwa wani wasa, shi kaɗai ya rasu, bai kai talatin ba. Abokinsa na ƙuruciya, mai jitar nan da ke gurnani a baya, shi ya karɓi waƙar don kada ƙungiyar ta watse. Kaset na uku kuwa gaba ɗayansa don mamacin suka yi shi.

Kalilu ya ce, "Yaushe?"

Munzali ya faɗi shekarar. Na lissafa da haihuwar ɗana na fari. Kaset-kaset ɗin nan a makare suke iso mu. Tun kafin Zailani ya ja motar Baturen, tun Adama tana raye tana dariya a gidan nan, yaron yana ƙasa.

Kalilu ya sunkuya. Ya laluba cikin kwandon kaset, yatsunsa sun san kowanne, ya zaro na uku ya sa a tsohuwar rikodar. Ya kai shi kan waƙar nan marar ganga. Muka zauna mu uku muna ji. Muryar mai kauri ta zo tsakiyar baiti ta tsaya, jita ta ƙarasa ita kaɗai. Na sha jin wurin nan ba adadi, sai ranar na ji abin da yake. Kuka ne ya ci ƙarfin mutumin.

Kalilu ya ce, "Ashe makoki suke yi, ni ina nan ina ƙara wa riga faɗi."

Munzali ya ce, "Baba, na biyun yana raye. In kai masa mana? Ai shi ma ya yi maka waƙa."

Kalilu ya ce, "Ya yi, Allah ya saka masa. In ka gan shi ka gaishe shi, ka ce wani a Daura ya ji, ko da a makare. Amma ba shi ya tashe ni ba."

Washegari bayan la'asar na same shi da rigar a cinya da reza a hannu. Na ce, "Kalilu, ka haukace? Aikin shekara da shekaru?" Ya ce ba ɓata ta zai yi ba, in kama masa gefe. Na kama. Ya sa kaset na farko, gangunan nan suka rugo, siririyar muryar ta fara hawa. Da lalube ya bi ɗinkin gefen yana tsinkewa, ya cire faɗin da ya ƙara na tsufa, ya cire na ƙiba, ya cire shafin sanyi. Na zura masa allura ya haɗe gefen kamar yadda ya yanka ta tun farko. Ya miƙe ya rataye ta a ƙusa. Ta koma rigar saurayi siriri marar kafaɗa, iskar ƙofa tana ɗan motsa ta.

Ya fito da tabarma ya shimfiɗa ƙarƙashin darbejiya ya zauna, hannu a kan gwiwa, irin zaman da kowa a garin nan ya san ma'anarsa. Na tsaya a bakin zaure da farantina. Tun muna yara ban taɓa yi masa magana ba tare da tsiya a ciki ba, na laluba bakina ban samu ko ɗaya ba. Na ajiye farantin, na gyara mayafi, na je na durƙusa a gefen tabarmar.

Na ce, "Kalilu, ya haƙuri?"

Ya juyo da idanun nan nasa masu yana wajen muryata. Ya ce, "Da godiya, Nagoggo. Yaro ne fa. Yaro ne ƙarami."